Littafin Kaka Lin Yana Kan Teku

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa gare ki 'yata,

Ina gaishe ki gaisuwar uwa, duk da bango ɗaya ne kawai tsakanina da ke, ina ma jin ƙarar akwatinki kina jan sa daga wannan kusurwa zuwa waccan. Allah ya sa kin tashi lafiya. Allah ya kai ki garin da za ki lafiya, ya tsare ki a tasha da cikin jirgin ƙasa da ɗakin da za su ba ki a makarantar, ya haɗa ki da mutanen da za su ji tsoronsa a kanki.

Za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da kuke cin tuwo a kwano ɗaya. Tun ranar Litinin nake rubuta ta, yau Laraba. In na rubuta layi uku sai in tashi in duba tukunyar da ba kome a cikinta, in dawo. Kin san hannuna ba ya sauri. Sai da na haura shekara talatin na shiga ajin yaƙi da jahilci a Fagge, kina zaune a ƙofar ajin kina dariyar yadda nake riƙe fensir kamar muciya. Amma na lura takarda ba ta kallon mutum a ido, shi ya sa na zaɓe ta. Jibi za ki hau jirgi zuwa arewacin ƙasar nan ki fara karatun waƙoƙinsu na dā a jami'a. Ni kuma kin san tun da aka fara shirin gasar Olamfik aka tsaurara biza, tawa ba a sabunta ba, kafin azumi ya yi nisa ina Kano. Allah kaɗai ya san shekarar da za mu sake zama a ɗaki ɗaya. Akwai maganar da ba zan yarda ki tafi ba ki ji ta ba. Tana da nauyi, kuma na san kaina, sai na yi ta kewaye kafin in kai gare ta. Ki yi haƙuri ki bi ni har ƙarshe.

Bari in fara da ƙofa.

Kina da shekara goma sha ɗaya muka biyo Babanki zuwa Guangzhou, muka sauka a benen nan na Sanyuanli, na fara dafa wa 'yan kasuwarmu tuwo da miya a falo. Ba mu cika wata biyar ba sabuwar shekararsu ta zo. Na buɗe ƙofa da safe zan tafi cefane, sai na ga dogayen jajayen takardu biyu manne a gefen ƙofarmu, dama da hagu, an cika su da baƙin rubutu. A inda na tashi, in ka wayi gari ka tarar da rubutun da ba ka nema ba a bakin ƙofarka, ba alheri ake nufinka da shi ba. Na ce shi ke nan, wani ya ga mutane suna hawowa cin abinci ya yi mana aike. Ban ma yarda na taɓa da hannu ba. Na ɗauko cokalin suya na kankare su, na tattara a leda, na yi tofi a ruwa na yayyafa a dokin ƙofa. Da na ɗaga kai sai ga wata tsohuwa a kan matakala, ƙarama, gashinta fari fat, riƙe da kwanon manne. Kallona kawai take. Ita ce Kaka Lin ta saman benenmu, wadda ta yi aikin koyarwa har ta gaji ta ajiye.

Da kika dawo makaranta kika zazzage ledar a kicin, kika jera yagaggun kamar mai haɗa fasasshen kasko. Lokacin Sinancinki bai nuna ba. Kika daɗe kina bi da yatsa, sannan kika ce, "Umma, ba asiri ba ne. Waƙa ce. Cewa ta yi sabuwar shekara ta shigo gidan nan da alheri, wanda ya fita kuma ya dawo lafiya. Ki duba kowace ƙofa akwai."

Na leƙa. Kowace ƙofa akwai. Na ce, "To wa ya aike ta?"

Abin da na faɗa ke nan. Ban hau na ba ta haƙuri ba. Na zuba waina a faranti na ce ki kai mata. Da hannuna na tura ki saman nan ranar farko, amma shekara bakwai ina jin haushin hawanki.

Saboda haka ki ji. Inda za ki za ki ga abubuwan da za su tsorata ki, ko da kina jin yarensu kamar ruwa. Ki tambaya kafin ki kankare. In kuma kin yi kuskure, ki je da ƙafarki, kada ki aika faranti.

Na tashi na kashe murhu. Ba ma a kunne yake ba.

Kin tuna yadda Kaka Lin take saukowa tsakar benen kowace safiya da bokitin ruwa da dogon burushi, tana rubutu a kan siminti? Ba tawada, ruwa zalla. Kafin ta kai layi na huɗu, na farko ya fara bushewa. Na ɗauka tsufa ne ya taɓa mata kai. Wata rana na dawo kasuwa da kaji biyu a hannu na bi ta kan rubutun da takalmina, ban ko kauce ba. Kika yi ihu, "Umma!" Ita kuwa dariya ta yi har tana dafa gwiwa, ta faɗi wani abu. Kika ce, "Ta ce ba kome, dama rana za ta shanye. Ta ce ba a ƙasa take ajiye su ba." Ni da na tashi ina ganin ana wanke allo a sha, ya kamata in fi kowa gane cewa rubutu yana iya barin inda aka yi shi ya shiga cikin mutum. Ban gane ba. Na ce a raina, aikin banza.

Haka kuma na riƙa dariya in na ji ku daga sama kuna rerawa, murya ta hau ta sauka kamar mai tallar fura. Sau nawa kika zo kicin kina son faɗa min abin da ke ciki? Kina cewa, "Umma, wannan wani ne sarki ya yi fushi da shi ya koro shi kudu, nan yankin da muke, yana tuna gida." Ko ki ce, "Wannan matar soja ce, an kai mijinta bakin iyaka shekara da shekaru." Ko, "Wannan abokai biyu ne a bakin kogi, ɗaya zai shiga jirgin ruwa." Ni kuma in ce, "Miƙo min gishiri." Amma kunne ba ya da murfi, na ji. Na yi ta mamaki ashe garin nan da mutanenmu ke rububin zuwa sarin kaya, a dā nan ne wajen horo, nan ake jefa wanda ake so ya yi kewa. Kika ce min yawancin waƙoƙin layi huɗu ne ko takwas, an ƙirga kowane layi, yaro ɗan shekara biyar yana iya haddacewa, kuma wasu sun haura shekara dubu a bakin mutane. Kika ce Kaka Lin da yaren Guangzhou take rera su, ba da na makaranta ba, don ta ce a bakin mutanen kudu ne tsohon amon ya fi zama. Duk na ji. Girman kai ne ya hana ni juyowa.

Akwai kuma abin da ya fi dariyar muni. Ke ce 'yar fari. Kin san al'adarmu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu. Haka aka yi min, haka na yi miki. "Ke" nake ce miki, in ina magana da wasu in ce "yarinyar nan." A Kano wannan ba kome ba ne, don akwai Inna mahaifiyata, akwai gwaggonninki, gida cike da bakunan da za su kira ki su rungume ki. Na ɗauko kunyar na hau jirgi da ita, na manta na baro masu cike gurbin a can. Nan ba kowa sai ni. Sai ga tsohuwa ta raɗa miki suna da yarensu, tana leƙowa ta taga tana kiran sa sau goma a yini, kina amsawa da gudu. Kowane kira kamar ana tsira min allura. Ban taɓa tambayar kaina me ya hana ni ni ma in kira ba.

In Allah ya ba ki naki, ki riƙe kunya, ado ce. Amma ki duba ko akwai wanda zai yi abin da kika ƙi yi. In babu, ki ajiye ta ki rungumi ɗanki.

Yanzu na kusa zuwa.

Da ruwan bana ya fara sauka Kaka Lin ta rasu. Kafin nan ta ba ki littafin nan mai shuɗin bango, wanda aka ɗinke da zare. Ke kika faɗa min tarihinsa, a ranar ma kina kuka ina yanka albasa ina yi kamar albasar ce. Kika ce akwai shekarun da aka yi a ƙasar nan ana ƙona tsofaffin littattafai, mutum yana tsoron a ga waƙar dā a ɗakinsa. Ita da hannunta ta jefa na mahaifinta a wuta don tsoro. Aka tura ta ƙauye noma. Tana shuka shinkafa tana maimaita waƙoƙin a zuci don kada su zube. Da zamani ya sauya ta zauna ta rubuto su daga ka, ɗaya bayan ɗaya, a gefen kowace ta sa inda take ranar da ta tuna ta. Ba ta da ɗa ba ta da jika. Ta tsallake duk 'yan unguwa ta ba 'yar Kano.

Bayan nan takardar jami'a ta zo. Babanki ya so ki zauna ki ci gaba da yi masa tafinta wajen masu kaya da masu kwantena, amma da kika faɗa masa sai ya ce Allah ya sa albarka. Ni ce na tayar da hankali. Kin tuna ranar, falo cike da masu cin abinci. Hajiya Balaraba ƙawata, mai sarin jakunkunan mata, tana tsakiyar loma ta ce, "Karatun me za ta yi? Likita?"

Na ce, "Waƙa."

Ta ajiye cokali. "Waƙa? Rabi, ke da hankalinki? Duk kuɗin jirgin nan a ƙare a zabiya? To wa zai riƙe mata ƙwarya?"

Wani Alhaji ɗan Kumasi ya ce, "Ku bar ta mana, in an yi bikin ɗan lawban, uban gidanmu ɗan Caina, sai mu gayyato ta, mu yi mata liƙi da kuɗin Caina."

Falo ya ɗauki dariya. Kika fito daga ɗaki kika tsaya, ba ki ɗaga murya ba, kika ce, "Hajiya, a ƙasar nan akwai zamanin da ba a ba mutum alƙalanci ko mulkin gari sai an zaunar da shi ya tsara waƙa an gani. Ba roƙo ba ne. A ciki suka ajiye tarihinsu."

Hajiya ta ce, "Tarihinsu. To ke ina naki?"

Kika juyo kika kalle ni. Ni kuma na ce, "Ke, wuce ciki, ba a yi wa manya musu." Na ji kunyar mutane fiye da yadda na ji zafinki. A wurinmu in an ce waƙa, maroƙi muke gani a bakin ƙofa da kalangu. Kuma tambayar Hajiya ta kwana a cikina. A raina na ga kin tafi garin da ba Bahaushe ko ɗaya, kin auri yarensu, kin dawo kina gaishe ni kamar baƙuwa, ko ma ba ki dawo ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ga maganar.

Littafin bai ɓata ba. Ba ki manta shi a jirgin ƙarƙashin ƙasa ba, kamar yadda kike ta zargin kanki. Ni na ɗauka.

Ranar da kika raka Babanki tashar jiragen ruwa ta Nansha duba lodi, Hajiya Balaraba ta dawo daga Shiling da jakunkunanta, ana ɗaure kwalaye a falonmu. Na shiga ɗakinki na ɗaga matashi na ɗauko shi. Na naɗe shi a leda biyu, na naɗe a zanena mai ruwan goro, na tura a cikin wata babbar jaka, na sa a tsakiyar kwali. Na ɗauki alƙalami na rubuta a jikin kwalin, ajiyar Rabi, kada a buɗe. Ki duba abin da na yi da karatun da na sha wahalar koyo. Bayan kwana biyu kwalin ya shiga kwantena.

Ba ƙona shi na so yi ba, Allah shaida. Tunanina na marasa tunani ne. An binne cibiyarki a bayan ɗakin Inna, kuma ana cewa inda cibiya take can mutum ke komawa. Na ga kamar kin yi sabuwar cibiya a littafin nan. Na ce in ya je Kano, za ki bi shi.

Kika dawo kika birkice ɗaki. Kika zo ƙofar kicin idonki jawur kika ce, "Umma, ba ki ga littafin Kaka ba?" Ban juyo ba na ce, "Ni karatun Caina na iya?" Kwana uku kina bin tashoshi kina tambayar ma'aikata, kowa ya ce miki meyo, babu. Kika daina cin abinci sosai. Na ji kina ce wa Babanki, "Ta riƙe su cikin wuta da yunwa, ni ban iya riƙe su wata huɗu ba." Ina tsaye a bayan labule.

Na yi zaton za ki karaya ki ce kin fasa. Sai ga shi kin sayo sabon littafi, kin zauna a teburin da nake tsince shinkafa, kin fara rubutawa. Ki rufe ido, leɓenki ya yi motsi, ki buɗe ki rubuta layi. Ranar da aka buɗe gasar nan muna kallo a talabijin, aka shimfiɗa wata ƙatuwar takarda a tsakiyar fili ana zane a kanta, masu cin abinci suna ta "kai, 'yan Caina ba dama," ke ko ɗaga kai ba ki yi ba, kina kan shafi na arba'in da wani abu. A nan maganar tsohuwar ta dawo min, ranar da na taka mata rubutu. Ba a ƙasa take ajiye su ba. Ashe takarda kawai na saka a kwantena. Abin da na so raba ki da shi yana zaune a gabana yana shan shayina. Amma na kuma ji kin ce waƙoƙin za ki iya dawo da su, ko a kanti ma akwai, abin da ba za ki iya ba shi ne ƙananan rubutun gefe, inda ta sa ranakunta da gonakin da ta tsaya. Wannan babu shi a kan kowa. Yana cikin jakar mata a tsakiyar teku.

Jiya na faɗa wa Babanki. Ya ce, "Rabi, kaya nawa na gani sun jiƙe a hanyar nan?" Sannan ya buga waya ya ce jirgin ruwan ya kusa Legas. Ya ce, "Ba ni zan faɗa mata ba. Ke kika ɗaure kwalin."

Ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Ruwa yana shiga kwantena, masu duba kaya suna farke kwali, mota tana faɗuwa tsakanin Legas da Kano. Tun da na yi abin nan, in na ga hadari ya haɗu sai in tsaya a taga ina kallonsa, kamar a kan littafin zai zuba. Abin da zan iya shi ne wannan. Zan riga kayan isa Kano in Allah ya so. Zan zauna a bakin shagon Hajiya Balaraba har a sauke. Ni zan yanke igiyar. In na same shi, ba zan sake ba shi teku ba. Zan ba wanda na yarda da shi cikin masu zuwa sari ya sa a aljihun gabansa ya kawo wa Babanki, shi kuma ya hau jirgi ya kai miki. In kuma na tarar ya lalace, zan faɗa miki ya lalace, ba zan ƙara ƙarya a kan ƙarya ba.

Nasihar da ke nan ba ta da daɗi a bakina, don ni ce misalin. Tsoro yana sa mutum ya yi sata a gidansa. Duk ranar da kika ji kina son ɓoye wa wani abinsa don kina ƙaunarsa, ki tsaya, ki je ki faɗa masa tsoron naki da baki. Da na ce miki "ina tsoron kada ki manta ni," da kalma shida sun isa.

Saura amsar Hajiya Balaraba. Ta ce ina naki, kika kalle ni, kuma kin yi daidai, don a wajena yake. Inna tana da waƙoƙin daka da na niƙa da ba su ƙirguwa. A ciki akwai sunan ƙauyen da kakanninmu suka baro shekarar da fari ya kore su, da sunan rijiyar da suka sha a hanya, da yayarta da aka binne a gindin wata tsamiya ba a kai gari ba. Ba a rubuce suke ko'ina ba. Da na yi aure na shiga birni sai na ga ƙauyanci ne, na rufe bakina. Na zauna ina dariyar tsohuwar da ta riƙe nata a cikin laka, ni da ba wanda ya ƙona min kome, da kaina na yar. Ba Kaka Lin ce ta ɗauke ki ba. Kin zo da yunwa, ita ta zuba miki, ni na rufe tukunya. Cikin kwanakin nan na gwada tunowa, na samu bakwai, biyu ba kai. Inna tana da rai, kuma bakinta bai mutu ba. In na koma zan zauna a gabanta da littafi, ta rera in rubuta da wannan hannun nawa mai nawa, in sa a gefe inda take da abin da take yi ranar da ta koya. A wajen tsohuwarki na ga yadda ake yi. Zan haɗa miki da shuɗin littafin su zo tare.

Can inda za ki, wani zai ce miki me baƙar yarinya take nema a waƙoƙin kakanninsu. In kin zo Kano hutu kuma wani zai ce kin zama 'yar Caina. Kada ki yi faɗa da ko ɗaya. Wanda ya riƙe abu har ya shiga jininsa ba ya neman izinin mai gadi. Ki rera musu tasu yadda Kaka Lin ta koya miki, da amon kudu, ko sun yi dariya. In sun tambayi taku, kada ki sunkuyar da kai, ki ce tana hanya.

An ce sanyin can ba irin na nan ba ne, har ruwa yana daskarewa a waje. Na sa miki safa huɗu da man kaɗanya a aljihun akwati na gefe, da yaji da kuka a gwangwanin madara. Ki nemi gidan abincin Musulminsu tun ranar farko, ki san hanyarsa kafin azumi ya kama. Kada ki yi sahur da shayi kaɗai. Kada ki bar salla don kunyar abokan ɗaki, ki faɗa musu tun farko, mutane sun fi girmama abin da aka yi a fili. In ba ki da lafiya ki faɗa wa Babanki, kada ki yi irin nawa.

Na so in tura takardar nan a ƙasan akwatinki ki gan ta bayan jirgi ya tashi. Na ga wannan ma wani kwalin ne. Bayan azahar zan miƙa miki a hannu, in koma kicin. Kina da yau da gobe. In za ki yi fushi ki yi shi a gabana, na cancanta, ya fi min ki tafi da shi.

Kin taɓa ce min a al'adarsu ba a barin mai tafiya ya tafi hannu sake, sai an tsara masa 'yan layuka ya riƙe. Wadda ya kamata ta yi miki ba ta nan. Ni ban iya ƙirga layi ba, da amon taɓarya na auna. Huɗu ne, kamar nasu.

Safiya tafi, hanya ta ba ki inuwa,
Safiya sha ruwan garin da kika sauka.
Abin da na jefa teku zan je in tsamo,
Safiya, in na kira ki, ki amsa.

Shekara goma sha takwas, yau na fara rubuta sunanki. Ban taɓa jin sa a bakina ba. In na ji kin ninke takardar, zan faɗe shi da murya daga kicin, sau ɗaya. Ban sani ba ko za ki fito.

Allah ya tsare gabanki da bayanki, damanki da hagunki. Ya buɗe miki karatu, ya sa ki gama da mutanen can lafiya. Ya kwantar da teku har kwalin nan ya sauka a bushe. Ya jiƙan iyayenmu, ya saka wa duk wanda ya yi miki alheri a lokacin da ni na kasa. Allah ya sa wanda ya fita ya dawo lafiya.

Ki yafe min.

Ni ce mahaifiyarki,
Rabi